Ambaliyar Kano da kududdufan da aka cike

Duk damina sai an sake wannan muhawara a Kano. A yi ruwan awa biyu titi ya koma kogi, wasu su ce leda ce ta toshe kwatoci, wasu su ce magudanan ne suka yi wa garin kaɗan. Kowa da gaskiyarsa, amma matsalar ta girmi leda.

Farkon labarin sananne ne. Kasuwar Kurmi da aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, sunanta kaɗai ya isa shaida cewa a da bakin rafin Jakara kurmi ne mai duhuwa. Layin dogo ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari, gari ya yi ta faɗaɗa a wajen badala.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne lokacin da Bakano ya bar ginin ƙasa. A da, mai son tayar da soro bayan unguwa yake zuwa ya haƙi ƙasa, a kwaɓa, a yi tubali. Ramin da ya bari shi ne kududdufi. Ba don ambaliya aka haƙa shi ba, amma ita yake tarewa: ruwan indararo ya bi lungu ya gangara ciki, ya kwanta wata da watanni yana nutsewa a hankali, rijiyoyin maƙwabta suna samu ta ƙarƙashin ƙasa. Aikin da Dajin Falgore na kudancin jihar Kano ke yi ke nan da nasa kayan. Can ganye ne ke rage wa ruwan ƙarfi, busasshen ganyen da ya zube ya riƙe shi, saiwa da ramukan gara su shigar da shi ƙasa.

Da bulo da kwano suka samu karɓuwa, sai kududdufi ya zama ba a ganin komai nasa sai wari da sauro. Ba zan yi masa kara ba, ya ci yara masu wanka. Aka mayar da shi juji, aka bi da baraguzai, aka fitar da fuloti. Tsakar gida ta sha siminti, darbejiyar ƙofar gida aka sare ta don a fitar da shago. Ruwan da kwano ya zubo yanzu bai da inda zai tsaya sai titi, a guje kuma yake wucewa, ƙasa ba ta sha ba.

Shi ya sa unguwar da ruwa ya shiga ɗakuna a watan Agusta, kafin Maris guga na dawowa da laka, 'yan ga-ruwa na tura kura layi-layi.