Yawon shata a ƙasar Maya: kufai, rijiyoyin senote da murjanin teku

Yawon shata a ƙasar Maya reshe ne na sana'ar yawon buɗe ido a zirin Yucatán, yankin da ya haɗa jihohi uku na kudu maso gabashin Meksiko, wato Yucatán da Quintana Roo da Campeche, da kuma ƙasar Belize da arewacin Guatemala. A irin wannan yawo, mutum ɗaya ko iyali ko 'yar ƙaramar tawaga kan ɗauki mota da direba da ɗan jagora su kaɗai, su tashi lokacin da suka so, su daɗe inda ya yi musu daɗi, maimakon a cusa su a babbar bas tare da mutum arba'in ko hamsin. Abubuwa uku ke jan baƙi zuwa yankin: kufan tsofaffin biranen al'ummar Maya, rijiyoyin cikin dutse da ake kira senote, da jerin duwatsun murjani, waɗanda ƙananan halittu masu rai ke ginawa a cikin ruwa, da ke bin gaɓar tekun Karibiyan. Kamfanoni kan tallata su tamkar kaya uku daban, alhali ruwa ɗaya ne ya haɗa su. Ruwan saman da ya nutse cikin dutse shi ya cika rijiyoyin, rijiyoyin suka rayar da biranen, ragowar kuma ta bi ƙarƙashin ƙasa ta fita a kan murjanin.

Ƙasa da ruwanta

Arewacin zirin shimfiɗaɗɗen dutsen farar ƙasa ne mai ƙofofi, ba ya riƙe ruwa a samansa. Shi ya sa matafiyi zai yi ɗaruruwan kilomita bai tsallake kogi ko ɗaya ba. Kogunan suna nan, amma a ƙarƙashin ƙasa suke gudu, cikin kogwannin da ruwa ya ci a tsawon dubban shekaru. Inda rufin kogo ya rufta, ruwan ya bayyana, nan ne senote. Akwai dubbansu. Wasu a buɗe suke sarai, wasu rabin rufinsu na nan, wasu kuma sai an sauka da matakala ta wata 'yar ƙofa kafin a kai ga ruwan.

A arewa maso yammacin zirin, rijiyoyin sun jeru sun yi rabin da'ira. Wannan jeri yana bin gefen ramin Chicxulub, mai faɗin kusan kilomita 180, wanda wani ƙaton dutse daga sararin samaniya ya haƙa shekara miliyan 66 da suka wuce.

Yadda sana'ar ta faro

Mutanen Maya ba su taɓa manta inda biranen kakanninsu suke ba. Su ne suka sare daji suka nuna hanya ga John Lloyd Stephens ɗan Amurka da mai zane Frederick Catherwood ɗan Ingila a tafiye-tafiyensu tsakanin 1839 da 1842, waɗanda rubutu da zanensu suka sa Turai da Amurka suka san da kufan. A shekarun 1920 masu binciken Cibiyar Carnegie, ƙarƙashin Sylvanus Morley, suka fara tono da gyara a kufan birnin Chichén Itzá, a daidai lokacin da Fernando Barbachano Peón, wani ɗan kasuwa na birnin Mérida, ya soma kai baƙin da suka sauka daga jiragen ruwa ganin wurin. A 1939 gwamnatin Meksiko ta kafa hukumar kula da kayan tarihi, INAH, wadda har yau ita ke riƙe da kufan.

Babban sauyi ya zo da Cancún. A 1970 gwamnati ta fara gina birnin otal-otal a wani siririn tsibiri da 'yan masunta ƙalilan ke zaune, a 1974 kuma Quintana Roo ta zama jiha. Daga nan otal-otal suka yi ta gangarawa kudu ta Playa del Carmen har Tulum. Cunkoson manyan bas-bas da ya biyo baya shi ya buɗe kasuwar shata, domin akwai masu son ganin wuraren ba tare da turereniya ba, kuma suna da halin biya.

Kufai

Chichén Itzá ce ta fi kowane kufai karɓar baƙi, fiye da miliyan 2 a shekara. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1988. Birnin ya yi tashe tsakanin ƙarni na 9 da na 11 miladiyya. Dalar Kukulcán da ke tsakiyarsa tana da tsayin kusan mita 30 har da ɗakin bautar da ke kanta, da matakala a kowane ɓangare huɗu. Ana ƙirga taki 91 a kowace matakala, idan aka haɗa da dandamalin sama sai a sami 365. A ranakun da dare da rana ke daidaita, a Maris da Satumba, inuwar kusurwar dalar kan faɗa wa gefen matakalar arewa da la'asar ta yi siffar maciji yana saukowa. An hana hawa dalar bayan wata baƙuwa ta faɗo ta rasu a 2006. Filin wasan ƙwallo na birnin, mai tsawon mita 168 da faɗin mita 70, shi ne mafi girma a duk yankin.

Sunan birnin kansa na nufin bakin rijiyar Itzá, wata ƙabila ta al'ummar Maya. Wata ɗagaggiyar hanya ta tashi daga dandalin dalar ta nufi arewa zuwa rijiyar hadaya, mai faɗin kusan mita 60. Edward Herbert Thompson, wanda ya yi wa Amurka aikin ƙaramin jakada a Yucatán, ya fara yashe ta a 1904, ya fito da zinariya da koren dutse mai daraja da dunƙulen turare da ƙasusuwan mutane. Ya aika mafi yawansu gidan tarihi na Peabody a jami'ar Harvard, abin da gwamnatin Meksiko ta ɗauka a matsayin sata. A 2015 masu bincike na jami'ar ƙasa ta Meksiko suka gano cewa dalar ma a kan wata rijiya take zaune.

A nan amfanin shata ya fi fitowa fili. Daga Cancún zuwa Chichén Itzá tafiyar kusan kilomita 200 ce. Ana buɗe ƙofa da ƙarfe 8 na safe, kuma agogon jihar Yucatán yana bayan na Quintana Roo da awa guda, don haka wanda ya bar gaɓar teku da asuba yana samun rarar awa. Yakan shiga da sanyin safiya, ya gama zagayensa kafin manyan bas-bas su iso da hantsi.

Tulum ƙarama ce, amma mazauninta ya sa kowa ke son ta: birni mai ganuwa a kan tsauni mai tsayin kusan mita 12, yana kallon teku. Tashar fatauci ce da ta bunƙasa tsakanin ƙarni na 13 da na 15, kuma tana da mutane a cikinta lokacin da jiragen ruwan Juan de Grijalva na Sifaniya suka wuce ta gabanta a 1518. Cobá kuwa cikin kurmi take, a gefen tafkuna, ana zaga ta a kan keke. Dalarta Nohoch Mul ta kai mita 42, kuma daga birnin wata farar hanya ta miƙe kilomita 100 zuwa Yaxuná. Ek' Balam, a arewa da garin Valladolid, ta shahara da adon farar ƙasa da ya tsira a ƙofar kabarin sarkinta Ukit Kan Le'k Tok'.

Uxmal ta cancanci a tsaya a kanta, ko da yake ta yi wa baƙin Cancún nisa. Tana cikin tuddan Puuc, inda ruwan ƙasa ya yi zurfin da babu senote. Mutanenta sai suka haƙa rumbunan ruwa a cikin dutse, suka shafe su da farar ƙasa, suna tara ruwan damina don rani. Fuskar Chaac, abin bautarsu na ruwan sama mai dogon hanci, ta cika bangayen yankin. Wanda ya ga Chichén Itzá da rijiyoyinta, sannan ya ga Uxmal da rumbunanta, ya fahimci abin da ya fi damun masu mulkin waɗannan birane.

Rijiyoyin senote

Yawancin baƙi wanka kawai suke yi, a wurare irin su Ik Kil kusa da Chichén Itzá ko Gran Cenote kusa da Tulum. Ruwan garau yake, sanyinsa kusan digiri 25 duk shekara. Wurare da yawa kan sa baƙo ya ɗauraye jikinsa kafin ya shiga, su hana man shafawa da maganin sauro, wasu kuma su tilasta sa rigar ceto.

Nutso da tukunyar iska wani mataki ne daban, kuma nan ne jagora ke riƙe da ran mutum a hannunsa. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce baƙo mai takardar nutso ta gama-gari ba ya wuce inda hasken rana ke kaiwa, yana bin igiyar da aka shimfiɗa, jagora ɗaya ba ya ɗaukar fiye da mutum huɗu, kuma shi jagoran dole ya kasance da cikakken horon nutson kogo. Iskar tukunya ana raba ta uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya ajiya. A ciki ana ganin duwatsu masu tsini rataye daga rufi, shaidar cewa kogwannin a bushe suke a zamanin ƙanƙara, lokacin da teku ta ja baya. A wani zurfi ruwan daɗi yana zaune a kan ruwan gishiri, inda suka haɗu sai gani ya dushe.

A Janairun 2018 masu nutso suka gano mahaɗa tsakanin kogwannin Sac Actun da Dos Ojos, tsawonsu a haɗe ya kai kilomita 347. A wani rami na wannan jerin, Hoyo Negro, aka tsinci ƙwarangwal ɗin wata budurwa a 2007, wadda aka raɗa wa suna Naia. Ta rayu shekara 12,000 zuwa 13,000 da suka wuce. Ba a kai baƙi can.

A Belize akwai kogon Actun Tunichil Muknal, inda tukwane da ƙasusuwan hadaya ke nan yadda aka bar su. Ba a shigarsa sai da jagora mai izini na musamman, kuma tun 2012 aka hana kyamara bayan ta wani baƙo ta suɓuce ta fasa wani ƙoƙon kai.

Murjani

Jerin murjanin yankin ya fi kilomita 1,000, daga tsibirin Contoy a Meksiko, ta Belize da Guatemala, zuwa tsibiran Honduras. Babu mai tsawonsa a duk tekun Atilantika. A Puerto Morelos da Akumal murjanin na kusa da gaɓa, kwale-kwale kan kai mutum cikin 'yan mintoci ya yi iyo da tabarau da bututun numfashi, a Akumal ma ya ga kunkurun teku suna kiwo. A tsibirin Cozumel masu nutso kan bar igiyar ruwa ta ja su a gefen duwatsun Palancar, kwale-kwale na bin su ta sama. An mai da murjanin Cozumel gandun ƙasa a 1996, na Puerto Morelos a 1998. Babban shuɗin ramin da ke cikin tekun Belize, mai faɗin kusan mita 300 da zurfin mita 124, shi ma kogo ne da ya rufta kafin teku ta rufe shi.

Lasisi da kuɗi

A Meksiko ma'aikatar yawon buɗe ido ta tarayya ce ke ba jagora katin shaida. Ƙa'idar NOM-08 ta shafi jagororin tarihi da al'adu, NOM-09 kuma masu kai mutane ayyuka na musamman irin su nutso. A Belize hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ke ba da lasisi. Kuɗin shata yakan haɗa mota da jagora, wani lokaci har da abinci da kuɗin shiga. A Chichén Itzá kuɗin shiga kashi biyu ne, na INAH da na jihar Yucatán, kuma baƙon waje ya fi ɗan ƙasa biya. Tukuici al'ada ce. Yawon bas mai araha sau da yawa yana cike giɓinsa da kamasho daga shagunan tsaraba da ake tsayar da baƙi a cikinsu.

Kalmar shata ita kaɗai ba ta tabbatar da inganci. Wani kamfanin dillali ne kurum, zai karɓi kuɗi mai yawa ya ɗauko jagora da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Mutum kusan dubu 800 ke magana da harshen Maya na Yucatán a yau, kuma da yawa daga cikin rijiyoyin suna kan filayen gamayya na ƙauyuka, waɗanda ake kira ejido. Wasu ƙauyukan sun kafa ƙungiyoyi suna karɓar baƙi da kansu. Jagoran da ya tashi a irin wannan ƙauye, wanda iyayensa ke noman masara suna roƙon ruwa da al'adar ch'a chaak, ba zai bar baƙo ya tafi da tatsuniyar cewa mutanen Maya sun ɓace ba. Baƙon da ya tambayi ina kuɗinsa za su sauka ya yi tambayar da ta dace.

Barazana

Dutsen da ke tsotse ruwan sama yana tsotse ƙazanta ma. Ruwan masai da na juji daga garuruwan da suka girma da sauri kan gangara cikin kogunan ƙasa, ya ɓulɓulo ta idanun ruwa a ƙasan teku, ya ciyar da gansakuka mai shaƙe murjani. Layin dogo na Tren Maya, mai tsawon kusan kilomita 1,500, wanda aka fara buɗewa a Disambar 2023, ya jawo ƙorafi mai zafi daga masu nutso da masana, saboda ginshiƙan ƙarfe da siminti da aka kafa ta cikin kogwanni tsakanin Playa del Carmen da Tulum.

Daga teku ma matsaloli na zuwa. Ciyawar teku mai suna sargaso ta yi ambaliya a gaɓar a 2015 da 2018, tana ruɓewa tana cinye iskar ruwa. Ɗumamar teku na sa murjani ya koɗe. Mahaukaciyar guguwa, irin Wilma ta Oktoban 2005, kan karya shi, kuma lokacinta daga Yuni ne zuwa Nuwamba. A 2018 wata cuta mai cin naman murjani, wadda aka fara gani a Florida a 2014, ta iso gaɓar Meksiko ta kashe nau'o'i masu yawa cikin watanni. A Oktoban 2019 hukumar da ke kula da gandun ƙasa ta rufe wani sashe na murjanin kudancin Cozumel, har da Palancar, na ɗan lokaci, aka hana kwale-kwalen baƙi shiga, na shata da na gayya baki ɗaya.