Me Ya Sa Kulob Ke Rabuwa Da Gwarzonsa? Tambayoyi Da Amsoshi Kan Tafiyar Da Kulob A NBA Da MLB

Mai kallon ƙwallon ƙafa na Turai in ya leƙa ƙwallon kwando na NBA ko besbol na MLB, abin da ke fara ɗaure masa kai shi ne shawarwarin shugabannin kulob. Mafi yawansu dokokin kuɗi da wa'adin kwantiragi ne ke haifar da su, ko da yake akwai waɗanda babu dokar da za ta wanke su.

Wa ke yanke shawara a kulob, koci ne?

A'a. Koci yana da iko a kan wanda zai shiga fili yau da dabarar wasa. Ɗaukar ɗan wasa, sallamarsa, tsawon kwantiraginsa da yawan albashinsa aikin babban manaja ne ko shugaban sashen wasa, shi kuma mai kulob ne ke faɗa masa iya kuɗin da zai kashe. Gasa biyun kowacce kulob 30 ne, kuma babu faɗuwa zuwa ƙaramar gasa. Ba a sayen ɗan wasa da kuɗi kamar yadda ake yi a Firimiya. Hanya uku ce: musayar 'yan wasa tsakanin kulob da kulob, inda kwantiragin ɗan wasa ke bin sa yadda yake, zaɓen matasa na shekara-shekara, inda kulob ɗin da suka fi shan kashi suka fi samun damar fara zaɓa ta hanyar ƙuri'a, sai ɗaukar wanda kwantiraginsa ya ƙare ya sami 'yancin kansa.

Ana ta maganar iyakar albashi a NBA. Yaya take aiki?

Layi huɗu ne, ba ɗaya ba. A kakar 2024-25 iyakar albashin kulob ta kasance kusan dala miliyan 140.6. Ana iya wuce ta, musamman wajen sabunta kwantiragin 'yan wasan da kulob ke da su. Layi na biyu shi ne na haraji, kusan miliyan 170.8: duk dalar da ta haura nan sai an biya mata haraji, wanda a lokacin ke farawa daga dala ɗaya da rabi a kan kowace dala, yana hawa mataki-mataki. Kulob ɗin da ya biya haraji sau uku cikin kaka huɗu da suka gabata nasa ya fi tsada. Golden State ta biya sama da dala miliyan 170 na haraji kawai a kakar 2023-24.

Da dai kuɗi ne kaɗai, attajirai za su biya su wuce. Shi ya sa yarjejeniyar 2023 tsakanin hukumar gasar da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙarfafa shinge biyu a sama: na farko wajen miliyan 178.1, na biyu wajen miliyan 188.9. Wanda ya tsallake shinge na biyu ba zai haɗa albashin 'yan wasa biyu ya musanya da babban ɗan wasa ɗaya ba, ba zai saka tsabar kuɗi cikin musaya ba, kuma ana kulle gurbinsa, wato damarsa ta zaɓar matashi, na zagayen farko na zaɓen matasa na shekara ta bakwai mai zuwa, ba ya iya musaya da shi. In ya ci gaba da zama a can, sai a mayar da gurbin can ƙarshen zagaye. Wato hannun manajan ake ɗaurewa, ba aljihun mai kulob kaɗai ba.

Shi ya sa Boston ta wargaza tawagar da ta ci kofi?

Shi ne babban dalili. Boston ta ci kofi a 2024 tana ɗauke da manyan kwantiragi. A Mayun 2025 jijiyar agarar gwarzonta Jayson Tatum ta tsinke, ciwon da kan cinye kusan shekara. Ba hikima ba ne a zauna sama da shinge na biyu, ana biyan haraji mai nauyi, alhali gwarzon yana jinya. Cikin watan Yuni aka tura Jrue Holiday Portland, Kristaps Porzingis kuma Atlanta.

To musayar Luka Doncic fa? Ita ma doka ce ta jawo?

Nan kam uzurin doka bai isa ba. A farkon Fabrairun 2025 Dallas ta ba Lakers Doncic, yana da shekara 25, watanni takwas bayan ya kai su wasan ƙarshe. Abin da ta karɓa shi ne Anthony Davis mai shekara 31, da Max Christie, da gurbin zagayen farko guda ɗaya na 2029.

Akwai lissafi a bayanta. Albashi mafi girma a NBA kaso ne na iyakar albashi: 25 cikin ɗari ga mai ƙarancin shekaru a gasar, 30 ga mai shekara bakwai zuwa tara, 35 ga mai goma zuwa sama. Amma gwarzon da ya shiga jerin fitattun kaka zai iya samun kaso 35 da wuri daga kulob ɗin da ya raine shi. Doncic ya cancanci wannan a bazarar 2025, kusan dala miliyan 345 a shekara biyar. Manajan Dallas na lokacin, Nico Harrison, bai so ya ɗaure kulob da wannan kuɗi ba, ya kuma kare kansa da cewa tsaron gida ke cin kofi.

Ko an yarda da wannan, aibin yana ga ciniki. Lakers kaɗai aka zauna da ita da gaske, a asirce, ba a bar sauran kulob sun yi tayi ba. Mai sayar da sa a kasuwar Wudil ba ya sallamawa ga mai tayin farko tun dillalai ba su kewaye shi ba. A bazarar 2024 Brooklyn ta karɓi gurabe biyar na zagayen farko a kan Mikal Bridges, wanda bai taɓa shiga wasan taurari ba. Doncic, wanda sau biyar a jere yana cikin fitattun biyar na kaka, gurbi ɗaya ya kawo. Davis ya ji ciwo a wasansa na farko, Dallas ba ta shiga wasannin fitar da gwani ba. Sa'a ta faɗo mata a ƙuri'ar zaɓen matasa, da damar kaso 1.8 kacal, ta ɗauki Cooper Flagg, amma wannan bai hana a sallami Harrison a Nuwamban 2025 ba.

Ai Masai Ujiri ma ya ba da gwarzon Toronto, aka yabe shi. Ina bambancin?

Ujiri, shugaban kulob ɗin Toronto na lokacin wanda ya tashi a Zariya, ya yi abu biyu masu zafi a 2018. Ya sallami Dwane Casey a shekarar da aka zaɓe shi gwarzon koci, bayan kulob ya ci wasa 59, ya ɗora mataimakinsa Nick Nurse. Sannan ya ba San Antonio DeMar DeRozan, wanda ya yi kaka tara a Toronto, da Jakob Poeltl da gurbi ɗaya, ya karɓi Kawhi Leonard da Danny Green. Leonard wasa tara kacal ya buga a kakar da ta gabata, shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa, kuma ba a san ko zai zauna ba.

Bambancin shi ne Ujiri ya ba da nagari ya karɓi wanda ya fi shi, kuma ya san iyakar tawagarsa: shekara uku a jere Cleveland ta LeBron James ke fitar da su, biyu na ƙarshe ko wasa ɗaya ba su ci ba. In cacar ta faɗi, ya rabu da kwantiragin DeRozan mai tsada, zai sake gini da matasa irin su Pascal Siakam ɗan Kamaru. An kuma lallaɓa lafiyar Leonard, wasa 60 ya buga cikin 82. Toronto ta doke Golden State ta ci kofin 2019, Leonard ya tafi Clippers wata guda bayan nan.

Me ya sa ake rububin guraben zaɓe, alhali ba a san wa za a ɗauka ba?

Saboda matashin da aka zaɓa a zagayen farko yana kan ƙayyadadden albashi mai rahusa har shekara huɗu, kuma darajar gurbi na tashi in kulob ɗin da ya bayar da shi ya lalace. A 2013 Brooklyn ta ba Boston gurabenta na 2014, 2016 da 2018, da damar sauya gurbi a 2017, a kan Kevin Garnett da Paul Pierce da suka riga suka tsufa. Brooklyn ta rushe, guraben suka zama na sama, daga cikinsu Jaylen Brown da Tatum suka fito. A 2019 Sam Presti, manajan Oklahoma City, ya ba Clippers Paul George, ya karɓi Shai Gilgeous-Alexander da gurabe biyar; ɗaya ya zama Jalen Williams, su biyun suka ci kofin 2025.

Don kare kulob daga shugabanninsa, doka ta hana bayar da gurbin zagayen farko na shekaru biyu masu zuwa a jere. Ana kiranta da sunan Ted Stepien, mai kulob ɗin Cleveland a farkon shekarun 1980, wanda ya yi facaka da nasa.

Gaskiya ne wasu kulob na faɗuwa da gangan?

'Yan wasa ba sa zubar da wasa. Manaja ne ke haɗa tawagar da ba za ta iya ci ba. Philadelphia a ƙarƙashin Sam Hinkie ta ci wasa 10 ta sha kashi 72 a kakar 2015-16, Houston Astros ta MLB kuma ta sha kashi sama da 100 kaka uku a jere daga 2011 kafin ta ci kofi a 2017. A 2019 NBA ta rage ribar wannan: aka bar wa kulob uku na ƙasa kowanne damar kaso 14 kacal ta samun gurbin farko a ƙuri'a.

Besbol ba shi da iyakar albashi. Me ke hana attajirai saye kowa?

Haraji kawai. Layinsa dala miliyan 241 ne a 2025. Wanda ya wuce a karon farko yana biyan kaso 20 na rarar, karo na biyu a jere 30, na uku 50, da ƙarin tara in rarar ta kai miliyan 20, 40 ko 60. In kulob ya sauko ƙasa da layi kaka ɗaya, lissafi ya koma farko. Wannan na cikin abin da ya sa Boston Red Sox ta tura Mookie Betts, gwarzon 2018, zuwa Dodgers a Fabrairun 2020, ta haɗa da David Price don rage nauyi. Betts ya sa hannu a kan dala miliyan 365 na shekara 12, ya ci kofi a shekarar. A ganinmu kulob mai arzikin Boston ba shi da hujjar wannan tsimi.

Dodgers kuwa sun gano wata ƙofa. Kwantiragin Shohei Ohtani na Disamban 2023 dala miliyan 700 ne a shekara goma, amma miliyan biyu kawai yake karɓa a shekara. Sauran 680 za a biya daga 2034 zuwa 2043. Tunda kuɗin gobe bai kai na yau daraja ba, wajen haraji ana lissafa masa kusan miliyan 46 a shekara maimakon 70. Ba kyauta ba ce, dole kulob ya riƙa ajiye kuɗin a gefe, amma ta bar musu sararin ƙara 'yan wasa.

Me ya sa ake riƙe matashin da ya ƙware a ƙaramar gasar rainon matasa ta besbol har sati biyu bayan an fara kaka?

Ƙidayar kwanaki ce. Ɗan wasan MLB yana samun 'yancinsa ne bayan cikakkun shekaru shida, kuma kwana 172 a babbar tawaga shi ne shekara ɗaya. In ya kasa da kwana ɗaya, shekarar ba ta cika ba, kulob ya sami kaka ta bakwai. Chicago Cubs sun kira Kris Bryant ranar 17 ga Afrilun 2015, ya ƙare da kwana 171. Ya kai ƙara, ya faɗi a 2020. Yarjejeniyar 2022 ta ɗan toshe hanyar: wanda ya zo na ɗaya ko na biyu a gwarzon sabon shiga ana ba shi cikakkiyar shekara, kulob ɗin da ya fara kaka da fitaccen matashinsa har ya ci kyautar kuma ana ƙara masa gurbin zaɓe, kamar yadda Seattle ta samu a kan Julio Rodríguez.

Don me koci zai cire mai jifan da ke cin karensa ba babbaka?

A besbol mai jifa ne ke jefa ƙwallo ga masu bugu na abokan hamayya, su tara ne ke zuwa bi da bi. Alƙaluma sun nuna cewa a zuwa na uku sun riga sun karanci jifan mutum, shi kuma ya fara gajiya, don haka kulob da yawa ke tsara cire shi tun kafin wasa. Shahararren misali shi ne wasa na shida na ƙarshen gasar 2020 tsakanin Tampa Bay da Dodgers. Blake Snell na Tampa Bay yana gaba da ci ɗaya da nema a zango na shida, jifa 73 kawai ya yi, ya kori masu bugu tara, bugu biyu kacal aka same shi. Da Betts zai zo karo na uku, koci Kevin Cash ya cire shi.

Ƙa'idar ba ƙarya ba ce, matsakaicin lissafi ne na dubban wasanni. Kuskuren yana wuri biyu. Masu bugu uku da ke tafe, Betts da Corey Seager da Justin Turner, Snell ya kori kowannensu sau biyu a daren. Wanda aka sako kuma, Nick Anderson, an ci shi a wasanni shida a jere kafin wannan, alamar hannunsa ya gaji. Tambayar da ta dace ita ce Snell na zuwa na uku ko Anderson na wannan makon, ba Anderson na tsakiyar kaka ba. Betts ya buga mai kai shi tasha ta biyu, jifa ya kuɓuce aka farke, Seager ya shigo da ci na biyu, Dodgers suka ci 3-1 suka ɗauki kofi. Wata biyu bayan nan Tampa Bay ta tura Snell San Diego a kan matasa huɗu, saura shekara uku a kwantiraginsa.