Waiwaye: Kaset ɗin Home Alone da asalin gardamar "na saya ko na yi haya?"

Duk watan Disamba gardamar nan sai ta taso a Amurka da Turai. Iyali su zauna za su kalli Home Alone, fim ɗin barkwancin da ya zame musu al'adar Kirsimeti, sai su tarar ba ya cikin manhajar da suke biya wa kuɗin wata. Wasu kuma suna tambaya ko fim ɗin da suka "saya" ta intanet nasu ne da gaske, tunda ba dama su ara wa maƙwabci ko su sayar. Da yawa suna ɗauka intanet ce ta haifo matsalar. Alhali tushenta ya girmi intanet ɗin gida da shekaru.

Labarin fim ɗin sananne ne. An sake shi a sinimomin Amurka ranar 16 ga Nuwamba 1990. John Hughes ne ya rubuta, Chris Columbus ya ba da umarni, Macaulay Culkin ya fito a matsayin yaron da aka manta a gida a Chicago. An kashe kimanin dala miliyan 18, ya tara sama da miliyan 470 a duniya, ya kuma yi mako 12 a jere yana kan gaba a sinimomin Amurka. Haka ma hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1984, wanda ya halatta naɗar shirin talabijin a gida don kallo daga baya, kowa ya sha jin sa.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne wani ƙudurin doka da ya mutu shiru a Majalisar Dokokin Amurka a daidai lokacin wannan hukunci. A dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar akwai ƙa'idar sayarwar farko, wadda ke sashe na 109 na dokar 1976. Ma'anarta, idan ka sayi kwafi na halal, littafi ne ko kaset, kwafin ya zama naka. Kana iya sayar da shi, ko bayar da aro, ko bayar da haya, ba tare da neman izini ba. Amma ƙa'idar ba ta ba ka ikon kwafa ba. A 1983 aka gabatar da ƙudurin da zai cire hayar kaset ɗin bidiyo daga wannan ƙa'ida, amma bai wuce ba. Irinsa na faifan waƙa kuwa ya zama doka a 1984. Shi ya sa shagunan hayar waƙa suka ƙare a Amurka, na bidiyo kuma suka cika unguwanni.

Daga nan lissafin kasuwa ya sauya. Tunda mai fim ba ya samun ko sisi daga hayar da shago ke yi, sai ya zuba ribarsa cikin kuɗin sayarwar farko. Sabon kaset yakan kai dala 80 zuwa 90. Wannan farashi na mai shago ne, wanda zai riƙa bayar da shi haya kan dala biyu ko uku a dare har uwar kuɗi ta fito. Magidanci ba ya kusantar sa. Sai bayan watanni, in kasuwar haya ta yi sanyi, a karya farashin.

Hanya ta biyu ita ce a karya farashin tun ranar farko, a nemi riba daga yawan ciniki. Caca ce, domin dole a buga miliyoyin kaset kafin a san ko za su shige, kuma yawanci ana naɗar su ne a ɗakunan da aka jera injina masu yawa, kowane inji yana cin tsawon lokacin fim ɗin. Wanda bai sayu ba dillali ya dawo da shi. Don rage haɗarin sai aka jawo masu talla. Top Gun ya fito a 1987 kan dala 26.95 da tallan Diet Pepsi a farkon kaset, E.T. ya biyo baya a 1988 kan dala 24.95.

Wannan hanyar Home Alone ya bi ranar 22 ga Agusta 1991, wata tara bayan fitowarsa a sinima. Farashin bai kai dala 25 ba, ga kuma rangwamen dala 5 ta hannun Pepsi. Fitar da fim ɗin Kirsimeti cikin zafin Agusta kamar wauta ce, amma ya ba kaset ɗin wata huɗu yana zaune a kantuna har lokacin sayen kyaututtuka. An sayar da kimanin miliyan 11, kuɗin da aka samu ya kai wajen dala miliyan 150. A shagunan haya kuwa bai yi tashe sosai ba, don wanda yake da abu a gida ba ya zuwa haya. Dalilin da cacar ta ci a fili yake: babba yakan kalli fim sau ɗaya ya wuce, yaro kuwa sai ya kalla har ya haddace. A ganina kaset mai arha ne ya mayar da fim ɗin al'adar shekara-shekara, fiye da sinima.

Sai dai 'yancin da iyalai suka saba da shi a jikin robar kaset yake, ba a jikin fim ɗin ba. Da faifan DVD ya zo Amurka a 1997, galibi da farashin gida tun farko, ƙa'idar ta bi shi. Home Alone ya hau DVD a 1999, Blu-ray a 2008. Da aka koma saukewa ta intanet, babu wani abu da ke shiga hannun mai saye. Izinin kallo yake biya wa, kuma izinin yana tafiya ne da yarjejeniyar da ke tsakanin mai fim da mai manhaja. Jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta fara aiki a 2025, wadda ta wajabta wa masu sayar da kayan dijital su bayyana cewa izini ne in za su yi amfani da kalmar "saya". Dokar ta gyara lafazi, ba ta mayar da 'yancin sayarwa ko aro ba.

Mai tsohon kaset na 1991 har yau yana da ikon sayar da abinsa. Damuwarsa daban ce. Danshi na sa zaren ya yi fumfuna, zafi na lanƙwasa robar, kuma zare mai fumfuna yana ɓata ɓangaren injin bidiyo mai karanta zare, ya shafa wa kaset na gaba. Ana ajiye shi a tsaye, a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da lasifika saboda maganaɗisu. Bugun Amurka na tsarin hoton talabijin mai suna NTSC ne, don haka a Najeriya, inda ake amfani da wani tsarin mai suna PAL, sai inji mai karɓar tsari biyu zai nuna shi daidai. Injin ma sai na hannu, domin kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera shi, ya daina a Yulin 2016.