Waiwaye: Yadda Tsumburewar Ƙuruciya Ke Biyo Matasa da Hawan Jini da Ciwon Sukari

A jihar Tahoua ta Nijar, idan saurayi ya kai shekara 15 amma tsayinsa bai wuce na ɗan shekara 11 ba, abin da dangi suka fi cewa shi ne gajarta gado ce, ko kuma tsawo yana nan tafe. Wani lokaci hakan gaskiya ne. Sai dai a ƙasar da binciken hukuma na 2022 ya nuna kimanin kashi 47 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, ba zai yiwu a ɗora wa gado dukan laifin ba. Tsumburewa, a ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, ita ce yaro ya gaza tsayin da ya dace da shekarunsa da tazara mai yawa. Galibi tana samo asali ne a kwanaki 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar shekara 2, sakamakon ƙarancin abinci mai gina jiki, da yawan zawo da masassara, da raunin jikin uwa. Hukumar tana ɗaukar kashi 30 a matsayin matakin da ya yi tsanani ƙwarai, Nijar kuwa ta daɗe tana sama da kashi 40.

Tarihin yaƙi da tamowa a Nijar tarihi ne na ceton rai cikin gaggawa. Yunwar 1973 zuwa 1974, da ta 1984 zuwa 1985, an tare su ne da rabon hatsi. A 2005, bayan fari da farin dango sun lalata damanar 2004, salon aikin ya sauya: ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani, akasarinsu a gidajen iyayensu, da abincin nan na gyaɗa da madara da ake kira Plumpy'Nut. A 2006 gwamnati ta sanar da magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. Waɗannan matakai sun ceci rayuka masu yawa, kuma babu mai hankalin da zai raina su. Amma dukan tsarin, daga igiyar awon dantse har zuwa binciken da ake yi shekara-shekara, yana tsayawa ne a wata na 59 da haihuwar yaro. Yaron da ya tsallake wannan iyaka da ransa an ɗauka ya tsira, ko da kuwa tsayinsa ya tsaya a baya.

A can wasu ƙasashe kuwa likitoci sun daɗe suna zargin cewa yunwar ƙuruciya ba ta ƙarewa da ƙuruciyar. A 1955 wani likita a Jamaika ya bayyana wani nau'in ciwon sukari da yake gani a jikin matasa ramammu waɗanda suka tashi cikin talauci. A 1976 aka wallafa bincike kan samari kimanin 300,000 'yan shekara 19 a ƙasar Holan, aka gano cewa waɗanda yunwar hunturun 1944 zuwa 1945 ta same su a farkon zamansu cikin mahaifa sun fi takwarorinsu yawan ƙiba. Daga baya David Barker na jami'ar Southampton a Ingila ya bi tsofaffin takardun haihuwa na yankin Hertfordshire, ya nuna a 1989 cewa waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya. A 1992 shi da Nicholas Hales suka gabatar da bayanin da har yau ake jingina da shi: jikin da ya ginu cikin rashi yakan koyi tattali, ya fifita ƙwaƙwalwa a kan sauran gaɓoɓi, kuma wannan tattali da ya cece shi a lokacin yunwa shi ne yake cutar da shi idan abinci ya wadata.

Hujja mafi kusa da mu ta fito ne daga Enugu. Binciken da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa mutanen da aka haifa a lokacin yunwar yaƙin Biyafara, da suka kai kimanin shekara 40, sun fi waɗanda aka haifa bayan yaƙin yawan hawan jini da hauhawar sukari a jini da faɗin ƙugu. Shekaru goma kafin nan, masu bincike a unguwannin talakawa na Sao Paulo a Brazil sun auna yara tsumburarru, suka ga jikinsu ba ya ƙona kitse kamar na sauran yara, wato ya fi son ya adana shi.

Yadda abin yake faruwa a cikin jiki ba shi da wuyar fahimta. Ƙananan matatan da ke cikin ƙoda suna gama samuwa ne kafin haihuwa, wajen mako na 36 na ciki, kuma ba a ƙara samun sababbi, saboda haka jaririn da ya takura a mahaifa yakan fito da kaɗan, abin da ke share hanyar hawan jini. Gaɓar da ke fitar da sinadarin insulin, mai daidaita sukarin jini, ita ma takan rage girma. Tsoka kuma, wadda ita ce ke shanye mafi yawan sukarin da ya shiga jini bayan cin abinci, ba ta da yawa a jikin yaron da ya tsumbure. Balaga tana zuwa ta ƙara nauyi a kan wannan rauni, domin a wannan lokaci jikin kowane matashi, har mai ƙoshin lafiya, yakan rage jin insulin da kimanin kashi ɗaya cikin uku na ɗan lokaci, kuma a shekarun nan ne mutum yake tara kusan rabin nauyin da zai yi a girmansa.

Ya kamata a yi adalci ga hujjojin, domin ba dukansu ne suka nuna abu ɗaya ba. A karkarar Keneba ta ƙasar Gambiya, inda mutane suka ci gaba da noma suna ramammu, ba a ga ƙarin alamun waɗannan cututtuka ba a jikin waɗanda aka haifa a watannin yunwa. A Malawi, binciken 2016 kan yaran da suka warke daga tamowa shekara 7 baya ya same su da ƙarancin tsoka da raunin damƙa, amma sukarin jininsu bai bambanta ƙwarai da na sauran yara ba. Nazarin 2013 da ya haɗa Brazil da Guatemala da Indiya da Filifin da Afirka ta Kudu ya fayyace lamarin: ƙarin tsayi kafin shekara 2 alheri ne, amma saurin ƙarin nauyi daga baya, ba tare da tsayi ba, shi ne ke tafiya da hawan jini da ƙiba. Ke nan haɗarin ya fi ƙarfi a inda rashi na farko ya haɗu da wadatar maiƙo da zaƙi daga baya.

Wannan haɗuwa ita ce rayuwar matasa da yawa na Adar, wato yankin Tahoua. Yaron da ya tashi a ƙauyen Keita ko Illela da fura da tuwon hatsi, da ya fara tasawa sai ya tafi bida, wato cin rani, zuwa Yamai ko Abijan ko Libiya, inda abinci mafi araha shi ne shinkafa da mai, da taliya, da burodi, da soye-soye, ga shayin fada mai sukari har zagaye uku. Idan ya dawo da kumatu da ɗan tumbi, gida sai a ce bida ta karɓe shi. Lamarin 'yan mata ya fi nauyi, domin binciken ƙasa na 2012 ya nuna kimanin kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Yarinyar da ta tsumbure, ta ɗauki ciki jikinta bai gama girma ba, ita da ɗan tayin suna takarar abinci ɗaya, kuma ta fi yiwuwar haifar jariri mara nauyi, wanda zai soma nasa zagayen daga inda nata ya soma. Tun a 2007 binciken ƙasa kan cututtukan da ba a ɗauka ya nuna kimanin mutum ɗaya cikin uku na manya a Nijar yana da hawan jini, alhali ƙiba ba ta yi yawa a ƙasar ba.

Shi kuwa ciwon sukarin matasa ramammu da aka fara bayyanawa a Jamaika, ya sha kai-komo a littattafan likitanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi gurbi a 1985 a matsayin ciwon sukari mai alaƙa da tamowa, ta cire shi a 1999 bisa dalilin ƙarancin hujja. A watan Afrilu na 2025, a taronta na Bangkok, Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta amince da shi da sunan nau'i na 5, ta kuma ƙiyasta masu shi tsakanin miliyan 20 zuwa 25, akasarinsu a Asiya da Afirka. Bambancin yana da muhimmanci ga ma'aikacin lafiya a Madawa ko Ƙonni, domin matashi ramamme mai sukari a jini ana saurin ɗaukarsa a matsayin mai nau'i na 1, wato wanda jikinsa ya daina samar da insulin, a ba shi allurar insulin mai yawa, wadda za ta iya karya sukarinsa zuwa matakin haɗari a gidan da ba kullum ake samun abincin dare ba.