Mece ce "ƙa'idar ƙasar tushe"? Yadda lasisin Holan ya shiga rigimar talabijin ta Polan

A dokokin watsa labarai na Tarayyar Turai, ƙa'idar ƙasar tushe na nufin ƙasa ɗaya ce tak ke da hurumin sa wa tashar talabijin ido, wato ƙasar da tashar ta kafu a cikinta. Idan ta cika sharuɗɗan can, sauran ƙasashen ƙungiyar ba su da ikon toshe ta ko su ce sai ta yanki lasisinsu. Ƙa'idar ta samo asali ne daga dokar talabijin ba iyaka ta 1989, wadda aka faɗaɗa a 2007, aka sake yi wa kwaskwarima a 2018.

Ba adireshi kawai ake dubawa ba wajen gane tushen tasha. Ana fara tambaya ne: ina hedikwata take, kuma a ina ake yanke shawarar abin da za a sa a allo? Idan duk a ƙasa ɗaya ne, magana ta ƙare. Idan sun rabu, sai a duba inda kaso mai tsoka na ma'aikatan shirye-shirye ke zaune. Tashar da ke wajen ƙungiyar kuwa, ana bin sawun inda take harba shirye-shiryenta zuwa tauraron ɗan'adam.

Tun da kowa zai buɗe ƙofarsa, sai aka sa wa kowa mafi ƙarancin sharaɗi iri ɗaya. Fiye da rabin lokacin watsawa na shirye-shiryen Turai ne, ban da labarai, wasanni da talla a lissafin. Kashi 10 cikin ɗari na furodusoshi masu zaman kansu ne. Talla ba za ta wuce kashi 20 cikin ɗari na lokaci ba. Manhajojin kallo irin su Netflix kuma dole kashi 30 cikin ɗari na rumbunsu ya zama na Turai.

Polan ta san daɗin dabarar watsa shirye-shirye daga wata ƙasa tun kafin ta shiga ƙungiyar. A zamanin gurguzu talabijin ta gwamnati ce kaɗai. Tashar Polsat, mai zaman kanta, daga Holan ta fara watsa shirye-shirye ta tauraron ɗan'adam a Disamban 1992, watan da aka zartar da dokar da ta kafa hukumar kula da rediyo da talabijin ta ƙasar, KRRiT. Dokar ta ce baƙi ba za su mallaki fiye da kashi 33 cikin ɗari na tasha ba. Da Polan ta shiga Tarayyar Turai ranar 1 ga Mayun 2004, sai aka cire wannan shinge ga kamfanonin Yankin Tattalin Arzikin Turai (wato ƙasashen ƙungiyar da wasu 'yan maƙwabtanta), aka bar wa na waje iyakar kashi 49.

A nan ƙofar take. Kamfanin Amurka ba zai iya riƙe fiye da kashi 49 kai tsaye ba, amma zai iya buɗe reshe a wata ƙasar Turai, reshen ya saye tashar ɗungurum. Haka TVN, wata tashar Polan mai zaman kanta, ta koma hannun kamfanin Scripps na Amurka a 2015, daga nan ta faɗa hannun kamfanin Discovery, shi ma na Amurka, a 2018, kuma a takarda mai ita wani kamfani ne mai rajista a Holan.

TVN ta yi suna wajen caccakar gwamnatin jam'iyyar PiS, mai mulkin Polan a lokacin. Lasisin tasharta ta labarai, TVN24, zai ƙare ranar 26 ga Satumban 2021, hukumar KRRiT kuma ta danne takardar neman sabuntawa sama da shekara ɗaya da rabi. Ganin wankin hula zai kai su dare, masu tashar suka nemo lasisi daga Holan a watan Agusta. Da wannan takarda, ko Warso ta ƙi sa hannu, TVN24 za ta ci gaba da shiga gidajen mutanen Polan. Kwana huɗu kafin wa'adi hukumar KRRiT ta sabunta lasisin Polan ɗin.

Sai dai kada a ɗauka lasisin waje maganin komai ne. Ya yi wa TVN24 amfani ne don ta kebul da tauraron ɗan'adam ake kama ta. Babbar tashar TVN da ake kamawa da eriya tana amfani da zangon watsawa na ƙasa, shi kuwa rabonsa na hannun gwamnatin ƙasar. Shi ya sa kudirin da aka yi wa laƙabi da dokar TVN, mai hana baƙi fakewa da reshen Turai, ya fi tayar da hankali. Majalisa ta zartar da shi a Disamban 2021, Amurka ta nuna ɓacin ranta, Shugaba Andrzej Duda ya hau kujerar na-ƙi ranar 27 ga watan. Jaridu ma ƙa'idar ba ta shafe su ba: a ƙarshen 2020 kamfanin mai na Orlen, wanda gwamnati ke juya akalarsa, ya sanar da sayen Polska Press daga hannun Jamusawa, da jaridun yanki 20 cikin 24 da ke fita kullum a ƙasar.

Ƙa'idar takobi ce mai kaifi biyu, kuma ƙasashen Baltik, irin su Lituweniya, su ne suka fi ɗanɗana ɗaya gefen. Tashoshin harshen Rashanci sun riƙa shigo musu da lasisin Suwidin ko Birtaniya, hukumomin gida na kallo ba yadda za su yi cikin gaggawa. Kafin ƙasa ta dakatar da irin wannan tasha kan hura wutar ƙiyayya, sai laifin ya zama babba kuma a bayyane, an aikata shi aƙalla sau biyu cikin wata 12 da suka wuce. Sannan a rubuta wa tashar, da ƙasar da ta ba ta lasisi, da Hukumar Tarayyar Turai, a ba tashar damar kare kanta, a gwada sulhu. Lituweniya ta bi wannan doguwar hanya a 2015 kan RTR Planeta mai lasisin Suwidin, Hukumar ta amince mata, dakatarwar kuma ta wata uku ce kacal.