Waiwaye: Yadda Shamaki ya tashi daga rawani ya koma sunan takarda

Duk lokacin da aka yi naɗi a fada, ko hotunan Hawan Daushe suka bazu a Facebook, sai wata tsohuwar gardama ta sake tashi a tsakanin Kanawa. Wani ya rubuta cewa Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sarautun bayi ne, don haka duk mai amsa ɗayansu a ƙarshen sunansa ya san asalinsa. Wani ya mayar masa da martani cewa waɗannan su ne ginshiƙan gidan sarki, ko hakimai ma ta hannunsu suke bi. Su kuma 'yan gidajen da suka riƙe sarautar da gaske tambayarsu daban ce: yaya aka yi mutanen da ba su taɓa haɗuwa da su ba, ko a wurin suna ko a wurin jana'iza, suke ɗauke da sunan gidansu a katin ɗan ƙasa? Da a intanet kaɗai maganar take tsayawa da da sauƙi. Tana shiga har cikin binciken asali kafin a ba da aure, kuma a nan ne take yin ɓarna.

Ruɗanin nan ya haura shekara ɗari yana tahowa, kuma yawancin masu gardamar suna tsallake inda ya soma.

Shamaki a asali wuri ne, inda ake ɗaure dawakin sarki, daga nan sunan ya hau kan mai kula da wurin. Kada a haɗa shi da Madaki. Madaki, wato Madawaki, jagoran mahaya ne a fagen fama, kuma a Kano yana cikin masu zaɓen sarki. Shamaki kuwa dokin kansa ne amanarsa: turke da harawa da dusa da kanwa, sirdi da linzami da likkafa, da sanin wane doki ne zai iya ɗaukar lifidi, wanne ne na zage. A zamanin da ƙarfin sarauta yake a bayan doki, ba a damƙa wannan ga ɗan uwan da gobe zai iya neman gadon sarauta. Ana ba wanda ba shi da wata madogara sai sarkin kansa. Tushen ba bayi irin waɗannan muƙamai ke nan.

Tarihin farko sananne ne. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan da sarakunan Kano suke zaune a ciki har yau, kuma a zamaninsa aka soma ba babanni muƙaman mulki. Bayan jihadi, Sarki Sulaimanu bai ɗauki tsarin fadar Haɓe da zafi ba. Ibrahim Dabo, daga 1819 zuwa 1846, shi ya farfaɗo da sarautun, ya kuma jingina da bayin sarki lokacin da tawaye ya yi masa yawa. Kafin ƙarshen ƙarni na 19, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sun zama manyan bayi uku. Suna lura da gandayen sarki irin na Fanisau da Nasarawa da Ɗorayi, suna da jakadu da barori, suna da nasu 'yan sarautar kamar Ciroman Shamaki da Makaman Ɗan Rimi, kuma su ne ƙofa, wato hanyar da mai buƙata yake bi ya isa ga sarki. A yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895 kowane ɓangare ya san nauyin samun goyon bayansu. Lokacin da Turawa suka shigo birni a watan Fabrairun 1903, Sarki Alu ba ya gari.

A duk tsawon wannan zamani babu wanda ya gaji sunan Shamaki a matsayin suna. Bahaushe yana da sunan yanka, yana da laƙabi, in ana son bambantawa a ƙara da sunan uba ko sana'a ko gari. Sarauta kuwa ta mutum ɗaya ce a lokaci ɗaya. Sarki ya naɗa, sarki ya tuɓe, kuma ranar da rawani ya koma kan wani, sunan ya bi rawani. Ɗan wanda aka sauke ba ya ci gaba da amsa Shamaki, iyaka a ce masa ɗan Shamaki wane, a faɗi sunan uban don a san wanne ake nufi. Ko a gidajen cucanawa, wato zuriyar bayin sarki da aka haifa a gida, da sarauta ta daɗe tana zagayawa a cikinsu, ba kowane ɗa ne yake samu ba.

Abin da ya karya wannan ƙa'ida ya faru ne tsakanin 1903 da 1930, kuma abubuwa biyu ne suka zo a tare, ɗaya yana zare aikin daga sarautar, ɗaya yana kafe sunan a takarda.

Na farko shi ne sabon tsarin mulki. A farkon zamanin Sarki Abbas aka yanka ƙasar Kano gunduma gunduma, aka tura hakimai su tare a can, maimakon zama a birni suna aika jakadu. Sannan aka kafa Baitulmali, haraji da jangali suka koma shiga littafi, masu sarauta suka koma karɓar albashi. Wanda a da cinsa da girmansa suke fitowa daga tsayawa tsakanin talaka da sarki, sai ya ga hanyar ta kauce masa. Ba a rana ɗaya ƙarfin ya tafi ba, domin a 1908 har an ɗaga Ɗan Rimi Allah Bar Sarki zuwa kujerar Waziri na ɗan lokaci. Amma tsakanin 1925 da 1926, a ƙarshen zamanin Sarki Usman da farkon na Abdullahi Bayero, an janye manyan bayin sarki daga harkar mulki. Ta fuskar doka ma, an riga an zartar cewa duk wanda aka haifa daga watan Afrilun 1901 ɗa ne, kuma a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Sarautun suna nan a fada har yau da darajarsu, sai dai aikinsu ya koma na hidimar gidan sarki da hawa da al'ada.

Na biyu, wanda aka fi mantawa, shi ne rajista. A 1909 aka buɗe makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa, makarantun elementare da Midil suka biyo baya. En'e ta soma ajiye sunayen ma'aikata don biyan albashi, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanoni da aikin soja suka zo da nasu littattafan. Kowane littafi yana neman suna biyu, domin a aji ɗaya ana iya samun Muhammadu biyar da Abdu huɗu. Akawu ko malamin aji sai ya nemi abin da zai bambanta su. Wasu aka laƙaba musu garinsu, shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur. Wasu aka tambaye su sunan uba.

A daidai wannan tambaya alkunya ta yi aikinta. Yaron da ya tashi a gidan mai sarauta bai taɓa jin an kira maigidan da sunan yanka ba. Matansa ba sa faɗa, barori ba sa faɗa, maƙwabta ma sarautar suke ambata, in sun zo gaisuwa su ce ranka ya daɗe. Yaro ɗan shekara bakwai da aka tsayar gaban baƙon malami, ko ya san sunan ba zai iya furta shi ba. Sai ya ce ɗan gidan Shamaki ne, ko wanda ya rako shi ya faɗa a madadinsa, malami kuma ya rubuta Shamaki. Babu wanda ya yi ƙarya, babu kuma wanda ya yi nufin kafa sunan zuriya. Amma wannan suna shi ya bi yaron zuwa takardar gama makaranta, daga can zuwa takardar ɗaukar aiki, zuwa fansho, kuma da ya kai nasa 'ya'yan makaranta, sunan da aka san shi da shi a ofis shi ya bayar.

Sai a lura da waɗanda aka fi turawa makarantun farko. Iyaye da yawa sun ƙi boko, kuma sananne ne cewa masu sarauta da dama, in an nemi su ba da ɗa, sukan tura ɗan bara ko ɗan riƙo. Wannan yaro shi ma daga gidan ya fito, shi ma abin da aka rubuta masa ke nan. Ga kuma wata hanya ta cikin gida: jikan da aka sa wa sunan kakansa, iyaye ba sa iya kiran sa da shi, sai su riƙa kiran sa da sarautar kakan, laƙabin ya bi shi har takarda. Bugu da ƙari, ba Sarkin Kano kaɗai ke da Shamaki ba. Sauran masarautun ƙasar Hausa suna da nasu, manyan hakimai suna naɗa nasu, sarautar ta kuma bazu har fadojin da ba na Hausawa ba, inda bauta ba ta cikin sharaɗinta ko kaɗan. Da aka buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara suka cika makarantu, duk waɗannan hanyoyi suka zuba cikin rajista a lokaci ɗaya.

Saboda haka sunan da ke kan kati abu ɗaya kawai yake tabbatarwa: ranar da aka fara rubuta wani kaka a littafi, yana da kusanci da wani Shamaki na wani wuri. Bai nuna jini ba, bai nuna bauta ba, bai kuma ba kowa haƙƙin rawani ba. Mai gori da shi da mai tinƙaho da shi duk sun ɗora wa takarda abin da ba ta faɗa ba. Hukuncin bai canja ba in sunan Galadima ne ko Waziri ko Turaki ko Makama, sai dai su ba a cika yin gori da su ba, shi ya sa ba a binciken su.

Wanda yake son sanin gaskiyar nasa sunan, akwai yadda ake bi. A fara da takarda mafi tsufa a gidan, ta makaranta ko ta aiki ko ta gida, a ga wane ne ya soma amsa sunan a rubuce da kuma shekarar. Sannan a nemi sunan yankan mahaifinsa, kuma tsofaffin mata su ne suka fi riƙe wannan, tare da laƙabi da kirarin gida. Daga nan tambayoyi uku ne: Shamakin ina, a zamanin wane sarki, kuma a wace unguwa gidan yake. In amsar ta ce Shamakin Kano ne, to a gwada da shekarun sarakuna. Ana lissafa shekara 25 zuwa 30 tsakanin uba da ɗa, don haka mai shekara 40 a yau da ya ce kakansa na kusa ya riƙe sarautar a zamanin Dabo, lissafinsa bai tashi ba, akwai aƙalla mutum uku da suka faɗi a tsakani. Inda aka fi yin kuskure shi ne ɗaukar kirarin maroƙa a matsayin hujja. Maroƙi yana haɗa mutum da mafi shaharar wanda ya taɓa amsa sunan, aikinsa ke nan. Dattawan unguwa da mutanen fada da suka san jerin waɗanda aka naɗa sun fi zama abin dogaro, kuma a ji daga bakin fiye da mutum ɗaya.

Zamanin kwamfuta ya ƙara ƙulle abin. Tun da BVN ta zo a 2014, lambar NIN kuma ta zama sharaɗin jarrabawa da layin waya, sai ya kasance harafi ɗaya yana tsayar da mutum. Ɗan Rimi yana fitowa a takarda ɗaya da Danrimi, a wata Dan-Rimi, a wata kuma an raba shi biyu an mai da Dan sunan tsakiya, domin na'urorin ba su san ƙugiyar haruffanmu ba. 'Yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya, wani yana amsa sarautar kaka, wani sunan uba, wani sunan unguwa. Gyaran yakan bukaci rantsuwar kotu da sanarwa a jarida, sannan a bi kowace takarda ɗaya bayan ɗaya, kuma ya fi sauƙi a daidaita sababbin takardu da ta makaranta mafi tsufa maimakon a juya.

Malamai da dama suna jan hankali da aya ta 5 a Suratul Ahzabi, wadda ta yi umarni a riƙa danganta mutum ga mahaifinsa. Gidajen da suke son riƙe sarautar kakansu ba tare da sun saɓa wannan ba sukan jera suna uku: na yaro, na mahaifinsa na yanka, sannan sarautar. Wannan tsari yana da amfani ranar rabon gado, domin alƙali ba ya raba dukiya da sunan ƙarshe. Shaidu yake nema waɗanda za su ce wane ɗan wane ne, su ambaci uban da sunansa na yanka.