Waƙar Sifaniyanci a Amurka: Waiwaye Kan Shakira da Shekarar 2005

Bayan da aka sanar a watan Satumba na 2025 cewa Bad Bunny, mawaƙin Puwato Riko da ke waƙa da Sifaniyanci, shi ne zai cashe a hutun rabin lokaci na wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, an yi ta ce-ce-ku-ce a Amurka kan ko ya dace waƙar da ba ta Turanci ba ta hau dandali mafi girma a ƙasar. Yawancin masu muhawarar suna fara lissafi daga 2017, shekarar da waƙar Sifaniyanci mai suna "Despacito" ta game duniya, kamar dai abin daga sama ya faɗo. Tarihin Shakira, mawaƙiya 'yar Kolombiya da ke rubuta waƙoƙinta da kanta, ya nuna cewa maganar ta girmi haka.

An haife ta a Barranquilla a 1977. Kundinta biyu na farko, na 1991 da na 1993, ba su yi kasuwa ba, sai na 1995 ne ya fito da sunanta a Latin Amurka. A 2001 ta saki kundi da Turanci, domin a wancan zamani an ɗauka cewa duk mawaƙin Latin da ke son shiga kasuwar Amurka dole ya sauya harshe.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne matakin da ta ɗauka a watan Yuni na 2005. Bayan Turanci ya buɗe mata ƙofa, kowa ya zaci a nan za ta tsaya, amma sai ta koma harshenta da kundin "Fijación Oral, Vol. 1". A makon farko kundin ya shiga Billboard 200, wato jadawalin kundin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, a matsayi na huɗu da cinikin kwafi kusan 157,000, adadin da babu wani kundin Sifaniyanci da ya taɓa samu a makonsa na farko kafin nan. Waƙar "La Tortura", wadda ta yi tare da Alejandro Sanz na Sifaniya, ta shafe makonni 25 a saman jadawalin waƙoƙin Latin, kuma an ɗora ta ne a kan kiɗa mai salon reggaeton, wato kiɗan da Bad Bunny ya gina sunansa a kai daga baya. A watan Agusta na shekarar suka rera ta a bikin kyaututtukan MTV a Miami ba tare da an fassara ko baiti ɗaya ba.

A ganina, tushen wannan ciniki yana wurin masu sauraro, waɗanda suka daɗe a Amurka ana raina yawansu da kuɗin aljihunsu. Tun a 2003 alƙaluman ƙidaya suka nuna cewa 'yan asalin Latin sun zama tsiraru mafi yawa a ƙasar, kuma yau fiye da mutum miliyan 40 ke magana da Sifaniyanci a gidajensu. Duk da haka, sai a watan Disamba na 2020 kundin da aka rera gaba ɗaya da Sifaniyanci ya hau matsayi na ɗaya a Billboard 200, shekara 15 bayan na Shakira ya tsaya a na huɗu.